Ranar da Aka Kaɗa Taken Baffa

Ƙarar ɓarar gyaɗa ce ta tsaya. Abin da na fara lura da shi ke nan.

Tun da aka sauko daga azahar Baffa, ƙanen mahaifina, yake zaune ƙarƙashin rumfar tsakar gida da buhun gyaɗa tsakanin ƙafafunsa, yana ɓara, ƙas, ƙas, ƙas. Ni kuma ina ɗaki a kan gadon igiya ina fama da littafin labarin ƙasa, don jarrabawar shahada, ta gama sakandare, ta ƙarato. Duk mutanen gida sun tafi biki can ƙarshen gari, inda ƙaramar tur'a, wato magudanar ban-ruwa, take karya kwana ta kai ruwa gonaki. Ni an bar ni saboda karatu. Shi an bar shi saboda an daɗe da daina kai shi taro. Na saba da ƙarar ɓarar nan har na daina jin ta, sai da ta ɗauke na ji gidan ya yi wani irin fayau.

Sai kalangu. Tun hantsi ake kiɗa a gidan bikin, kiɗan rawa na mata, amma wannan daban ne. Gajere ne, yana tafiya yana dawowa wuri guda, kamar mai buga ƙofar da ya tabbata akwai mutum a ciki. Rabona da shi tun ina firamare. Nan take na gane shi. Taken Baffa ne.

Kowane ɗan dambe da takensa, kiɗan da in an kaɗa masa jikinsa zai ɗauki tsuma, ba ya sake ganin kowa sai wanda zai buga. A garinmu an daina kaɗa na Baffa. Ba shela aka yi a masallaci ba, kowa dai ya sani. Amma makaɗan wannan biki baƙi ne, dangin ango suka taho da su daga ƙauyukan Damazin. Sun ji an ce a nan mutumin yake, suka ga rashin ladabi ne su ci tuwon garinsa su tafi ba su gaishe shi ba. Daga baya aka gaya mini har tambaya suka yi ta ina gidansa yake, suka juyo suka fuskanci wajen.

Na ɗaga labule kaɗan na leƙa.

Yana tsaye. Buhun ya kife, gyaɗa ta watsu har bakin madafa. Ya warware rawaninsa yana naɗe hannun dama da shi, yana ja da haƙori, a natse. Hannun nan da kullum yake rawa, wanda ba ya kai kofin shayi baki sai ya zubar da rabi, ranar ko motsi ba ya yi. Sauran jikin ne yake kaɗawa, tun daga kafaɗa har gwiwa.

Wanda bai san Baffa ba zai ce tsorona ya yi yawa, don haka bari in faɗi ko wane ne. Da can ɗan dako ne a kasuwar garin Hajj Abdalla, yana sauke buhunan dawa daga lori. In an gama girbi sai a share masussuka a yi dambe, kuma tun yana saurayi aka rasa mai tsaya masa a ƙauyukanmu. Wani mai koyar da damben zamani a wani kulob na birnin Madani ya zo kallo, ya ga abin da ya gani, ya bi shi har gida ya roƙi iyayensa. Aka sa masa safar dambe, aka ɗora shi a sikeli, aka ce ajin masu nauyi. Daga Madani sai Hartum. Ina tuna ranar da aka jona talabijin da batirin tarakta a ƙofar gidan mai gari, mu yara muna zaune a gaba. Kafin mai shayi ya gama zuba wa manya, abokin karawar yana kwance ana yi masa fifita. Mutane suka yi ta mita, wai an cuce su, ba su ga komai ba.

Sai dai bai taɓa koyon kare fuska ba. Mahaifina ya ce mai koyarwar ya yi faɗa har ya gaji. Da dambenmu Baffa ya tafi can, da shi ya dawo: hannun hagu a miƙe yana auna mutum, na dama a baya yana jira. Zai bari a yi ta jibgar kansa har ya sami inda yake so, sannan ya saki guda. Shekaru yana haka. Da ya dawo gida ya zo da kofuna cikin kwali, da karyayyen hanci, da wannan rawar hannu. Da farko sunayen mutane yake mantawa. Sannan hanyar hawasha, gonar da ya noma tun yana yaro, sai a tsince shi a bakin ruwa yana tsaye. Ranar wani suna aka kaɗa masa take don nishaɗi, ya miƙe ya bugi amininsa, mutumin da suke cin abinci a kwano ɗaya. Mutumin yana nan da rai. Bakinsa ya koma gefe, kunu kawai yake iya sha, in ya yi magana sai matarsa ta maimaita wa mutane. Tun ranar aka bar kiɗan.

Ni kuwa 'yar gidansa ce. Daktora yake ce mini.

"Daktora, zo ki duba min wannan kai, in ya lalace ki canza min."

"Baffa, na jaki kaɗai ya rage a asibiti."

"Kawo shi haka nan, ai ya fi na ubanki."

Ya yi ta dariya har tari ya kama shi.

Wannan sabo da muka yi ne ya sa na ɗauka zai ji muryata. Ɗakin da nake ba ƙyaure, labule ne kawai. Ƙofar gida kuma tana bayan Baffa. Na ce in na lallaɓa na wuce shi, da gudu zan je in ce a tsayar da kiɗan. Na fito a hankali ina bin jikin bango.

"Baffa, in ɗora maka shayi?"

Ya juyo. Na sha ganin idonsa in ya manta ni, ido ne mai neman taimako, irin na wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Wannan ba shi ba ne. Wannan idon ya san abin da yake kallo, ni ce dai ba ya gani. Ya miƙo hannun hagu, tafin a buɗe, ya ja na dama baya, ya ɗan sunkuya, ya fara takowa.

"Baffa, ni ce. Daktora ce."

"Kai ne?" Muryar ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ta ba. "Kai ne aka ɗauko min daga birni? Ta'al. Matso."

Na ja da baya, na sake ja. Gyaɗar da ta watsu ce ta cece ni. Na taka ta, ta mirgina ƙarƙashin silifas ɗina, ƙafafuna suka yi gaba, na faɗi da baya. Iskar hannun na ji a goshina, naushin ya wuce ni ya sami abin da ke baya. Randar da ke bayana, babbar nan da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, ta yi wata irin ƙara ta buɗe, ruwa da tsingaro suka zubo min a ka da wuya.

Na runtse ido ina jiran na biyu. Bai zo ba. Na ji hucinsa a kaina, sannan na ji takunsa yana nisa. Da na buɗe ido yana can kusurwar gida wajen turken awaki, yana 'yan tsalle-tsalle a kan yatsun ƙafa, idonsa a kaina.

Na yunƙura zan tashi. Gwiwata na barin ƙasa ya baro kusurwar, hannu a ɗage. Na zube. Ya tsaya, ya koma da baya.

A nan na gane. Ya manta ni, ya manta inda yake, amma bai manta cewa ba a dukan wanda yake ƙasa ba. A masussuka haka ne, a Hartum ma haka ne: in mutum ya faɗi sai ka koma gefe ka jira. Jira yake in tashi.

Na gwada jan ciki wajen ƙofa. Ya biyo ta gefe ya tsaya tsakanina da ita. Na haƙura na kwanta, kuncina a ƙasa.

Zafin ranar yankinmu na Jazira bayan azahar ba sai na bayyana wa kowa ba. Ruwan randa ya mai da baƙar ƙasar tsakar gidan taɓo mai danƙo, sannan taɓon ya fara bushewa a jikina yana jan fata. Tsingaro ya yanke ni a bayan kunne, ƙudaje suka gano wurin. Tururuwa ta fito ɗaukar gyaɗa tana bi ta kan hannuna, ban isa in kakkaɓe ba. Wayar da aka bar min tana ta kuka a ɗaki, ta yi shiru, ta sake. Na yi ihu. Kalangu da guɗa suka haɗiye, kuma na lura duk sa'ad da na ɗaga murya tsallensa ƙaruwa yake, sai na bari.

"Gum!" ya daka min tsawa da Larabci. "Tashi mana! Haka ake yi a garinku? Ba ka sha nono ba?" Ya juya wajen darbejiyar da ke bakin bango, inda ba kowa. "Alƙali, ƙirga masa. Kana kallo yana ɓata min lokaci."

Abin da na fi tsoro ba ranar ba ce, ba jinin ba ne. Mutumin da ya manta hanyar gonarsa, mene ne ba zai manta ba? Abu ɗaya ya rage a kansa da yake tsare ni, kuma ban san ko zai kai wani numfashi ba. Ina kallon ƙafafunsa kawai, manyan yatsun nan masu faso, suna tashi suna sauka. Makonni sun wuce yanzu, amma har yau in na yi sujada sai in ji ba na son ɗagowa.

Kiɗan ya yanke tsakiyar bugu. Na ce alhamdulillahi a zuciya. Amma shi bai tsaya ba. Ko kansa bai karkata ba, kamar can ciki ana ci gaba da kaɗa masa.

Ƙofar kwano ta buɗe da ƙarfi. Mahaifina ne, da wasu maza a bayansa cikin fararen kayan biki, da igiyar ɗaure shanu a hannunsa.

"Kada ki motsa, ya bitti, 'yata! Kada ki motsa!"

Baffa ya juya musu hannun hagu, ya yi murmushi. Mazan suka ja baya suna taka juna. Sai ga sanda ta ratso tsakaninsu tana dukan ƙwauri. Kakata ce, mahaifiyarsu su biyun. Ita ta fara gane kiɗan ta baro gidan bikin, amma ƙafarta ba ta sauri, har suka cim mata a hanya.

"Igiyar mi ce wagga?" ta ce wa mahaifina. "Sa kuka zo kamu?"

"Inna, don Allah ki koma baya. Dubi yarinyar."

"Na gan ta. Ita kaɗai ta yi hankali a cikinku. Ku shiga da igiya ya karya na karyawa, sannan ya koma kanta. Kauce min."

Ta shigo tana dogara sanda, tana magana kamar mai kiran akuya. "Kai, ɗan dako, ni ce. Wanga hannu ni na wanke shi yana jinjiri, ba ni za ka nuna wa shi ba." Ya tsaya yana kallon ta, hucinsa na fita. Kakata gajeruwa ce, kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Ta tura kujerar tsuguno da ƙafa har gabansa, ta yar da sanda, ta hau. Ta kama wuyan hannun nan naɗaɗɗe da hannuwanta biyu ta ɗaga shi sama iyakar tsawonta.

"An gama!" ta ce. "Kalas! Ya ci!" Ta waiwayi mazan. "Ku kuma kun saki baki. Da can da kuke kallo kyauta ai kun iya ihu. Ku yi masa mana!"

Suka yi. Da farko a tsorace, sannan da ƙarfi, suna tafi suna kiran gwani. Mahaifina yana ihu, igiya na hannunsa, hawaye na bin gemunsa.

Baffa ya dubi ƙofa, ya dubi bango, ya dubi sama. Ƙirjinsa ya buɗe.

"Inna, bai tashi ba?"

"Bai tashi ba."

"Na gaya musu."

Daga nan kafaɗunsa suka sauka. Rawanin ya rine da jini ta wajen yatsu. Kakata ta miƙa hannun ga mahaifina ta ce kada a sauke shi sai an fita gidan, haka suka wuce da shi ta gefena, hannunsa a sama. Bai dube ni ba.

Mahaifiyata ta shigo da gudu tana kuka, ta kama kafaɗata za ta ɗaga ni. Na ƙi. Na san ya fita, na ga fitarsa da idona, amma jikina ya ƙi yarda. Mata suka cika gidan, wannan ta ce a yayyafa min ruwa, waccan ta ce a kira malam. Kakata ta kore su duka. Ta sa aka riƙe zane a kaina don inuwa, ta aika a gano mata halin da ake ciki.

La'asar ta yi sakaliya sa'ad da ta zo ta zauna dirshan a taɓon kusa da ni, da kayan bikinta. Ta fara ɓamɓare min busasshiyar laka daga kunci da farcenta.

"Yana gidan liman," ta ce. "An kwance hannun, an ɗaure ciwon, ya sha ruwa, barci ya ɗauke shi. Makaɗa sun sa kalangunsu cikin buhu, an raka su bakin titi."

"In ya dawo fa, Kaka?"

"In ya dawo tambaya zai yi wa ya fasa randa." Ta sa tafin hannunta ƙarƙashin kuncina, tsakanina da ƙasa. "Tashi, ɗiyata. Ya wuce. Ba mai taɓa ki."