Ranar da Aka Sallame Ni Kafin La'asar

Wata takwas ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa fushi na yi, ba fushi ba ne, jinya na sha.

Da tari ya fara, da zazzaɓin yamma. Sai numfashi. Daga ɗakina zuwa inda nake turara shinkafa taku goma ne, amma sai na dafa bango na huta.

Yayana Bello ya ɗauke ni daga Argungu zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Aka yi hoton ƙirji, aka ɗebi jini da kaki. Likita ya ce ruwa ne ya taru a gefen huhuna na dama, yau za a zuƙe shi, yau kuma zan koma gida.

Nan gabana ya faɗi.

Shekara huɗu baya, haka aka ce a koma da Innarmu gida. Likita ya ja Yaya Bello gefe, Yaya kuma ya dawo da murmushi ya ce mata ta samu sauƙi. Kwana uku ta ƙara. A wurinmu ba a faɗa wa mara lafiya gaskiya, dangi ake faɗa wa. Mai ciwon da ake sa ran tashinsa kuwa gado ake ba shi, a riƙa zuwa dubiya.

Aka zaunar da ni bakin gado na rungume matashi. Aka yi mini allurar kashe zafi a baya, aka zura siririn bututu tsakanin haƙarƙarina. Ruwa rawaya ya kusa cika gora. Numfashina ya dawo, amma ni idona na bakin ƙofa, inda likita da Yaya ke magana ƙasa-ƙasa.

Kafin la'asar muna mota. Na ce, "Yaya, mi likita yac ce maka?"

"Cewa yay yi ki komo bayan sati ki ji sakamako."

"Haka kac ce ma Inna."



Bayan sati aka ce tibi ne, wato tarin fuka, aka ba ni maganin wata shida. Na ce a raina na lallashi ne kawai. Kwana biyu ina sha fitsarina ya koma ja. Sun gaya mini zai yi haka, amma lokacin ko kaina ban yarda da shi ba. Na jefa maganin bayan akwati, na raba tukwanena, na bi maƙwabta gida-gida ina neman gafara.

Sati uku ruwan ya dawo.

Da aka sake zuƙewa na riƙe rigar likita. "Ka hwaɗa min ni da kaina, kwana nawa yar rage min?"

Ya ajiye biro. "Hajiya, na sallame ki ne don ba ki buƙatar gado. Ciwon nan yana warkewa. Barin maganin ne zai kashe ki."

"To mi kuka ƙus-ƙus a kai rannan?"

"Cewa na yi a kawo yaranki a gwada su."

Yaya na tsaye. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Ya ce, "Na Inna na ɓoye, har yau yana cina. Naki ban ɓoye komi ba."

Wallahi kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage.

Na sha maganin wata shida cif. Yarana lafiyarsu ƙalau. Jiya ni na sauke tukunyar shinkafa da hannuna, tukunyar da sai da na je na roƙo a mayar mini. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa ma'aikatan asibitin nan da alheri.

Idan numfashi ya fara gagarar ku, ku je a yi hoton ƙirji. Sallama a rana ɗaya ba cire rai ba ne. Kada ku bar magani don zargi. Ku tambayi likita da bakinku, dangi kuma ku bari a yi maganar a gaban mai ciwon.

Yaya Bello, na san za ka karanta wannan. Duk maƙwabta na nemi gafararsu, kai kaɗai na tsallake. Ka yafe mini.