Orvokki Da Ta Saurari Barcin Yayata

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi aka kira ni daga asibiti aka ce Orvokki Pelkonen ta rasu, bayan jinyar ciwon hanta da ta ɓoye mana har ya ci ƙarfinta. Rai na Allah ne, ya karɓi abinsa.

Orvokki, mun daɗe a ofis ɗaya a garin Kuopio, muna bin diddigin abin da masana na duniya ke wallafawa kan yadda ake gano ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Ni abin da ke burge ni shi ne wace ƙasa ce ke gaba, wace ke biye. Ke kuwa ba ki taɓa karanta bincike kin bar shi haka ba, sai kin tona. Wata rana kika ture kofin gahawa kika ce, "Kai Ilmari, duk ƙartin nan da ake aunawa, wa ya kai su asibiti?" Na ce ban sani ba. Kika ce, "Matansu mana! Ya dame ta da minshari, ta ja shi gaban likita. To ita wa ke sauraronta? Shi da ya kwanta kamar gungume?"

Har yau ina mamakin yadda kika hango wannan a takardun da dukkanmu muka karanta. Ashe tambayar har gidanmu za ta zo.

Yayata Sinikka mijinta ya rasu, ita ke tuƙa bas zuwa ƙauyuka. Sai ta fara gyangyaɗi a kan hanya. Likita ya tambaye ta ko wani ya taɓa ce mata numfashinta na tsayawa, ta ce kyanwa kaɗai ke gidan, ita kuma ba ta kai ƙara. Aka ce baƙin cikin rashin miji ne. Wurin aiki suka ce ko ta warke kafin kaka, ko ta ajiye makulli. Na tsorata ƙwarai, don tuƙin nan shi kaɗai ke fitar da ita daga gida.

Da kika ji, ba ki yi mata lacca ba. Kika gayyace ta bukkarki ta bakin tafki, kika hura mata wankan tururi, kika cika ta da gasasshen kifi, da rana tsaka barci ya kwashe ta. Kika jawo kujera kika zauna da saƙarki. Da ta farka kika ce, "Sinikka, ke ai ba barci kike ba, nutsewa kike kina tasowa." Ta ce, "Sannu uwar sa ido! Ashe kifin nan tarko ne." Aka auna ta, maganarki ta tabbata, aka ba ta na'urar da ke taimaka mata da numfashi.

Allah ya jiƙanki, Orvokki, ya ba ki hutu mai daɗi. Ina yi wa ƙaninki Tapani da 'ya'yansa ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Ranar Asabar za mu raka ki makabarta, kuma Sinikka ce za ta tuƙa bas ɗin da zai kai mu. Ta ce ba za ta bar wa kowa ba.