Hannun Sabi'u, Kunnen Turai

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Tudun Wada ya san shagon Malam Sabi'u, ko da bai san sunan mai shi ba. A shagunan sauran kafintoci ƙarar zarto da guduma ake ji. A nasa kuwa sai ka ji sarewa ta tashi, an katse ta, ta sake tashi daga farko, an sake katsewa, har baƙo ya tsaya yana tambayar ko mabushin tari ne ya sarƙe shi. Babu wani mabushi. Malam Sabi'u ne ke gwada akwatin sifika.

Ɗan manoman shinkafa ne. Mahaifinsa ya kai shi koyon kafinta don gida ya samu mai gyaran ƙofa da benci. Yana cikin koyon ne rediyon maigidansa ta faɗo daga kan kanta ta tarwatse. Sabi'u ya tsinci sifikar, ya kifa ta a bakin wani tsohon tulu, ya liƙe gefen da ƙaro, ya haɗa waya. Muryar mai karanta labarai ta fito da kauri, kamar mutumin yana zaune cikin tulun. Tun daga ranar ciwon sifika ya kama shi. Ya ci gaba da yin gadaje da ƙofofi don cin abinci, amma zuciyarsa tana wajen akwatuna. Masu kiɗan biki suka san shi, masallatai suka san shi, masu maulidi daga Kiru har Bebeji suka riƙa aiko masa.

Daga Kiru ɗin ya auro Turai. Shagonsa a jikin gida yake, bango ɗaya ne tsakaninsa da inda take girki. Wata rana ya gama wani akwati yana ta jin daɗin kansa, ya shiga cin tuwo. Turai ta ajiye kwano ta ce, "Malam, akwatin nan na yau mura yake yi?"

"Wace irin mura?"

"Ta hanci yake magana."

Ya ce, "Ke da tukunya, ina ruwanki da sifika?"

Ta koma wajen tukunyarta. Shi kuwa ya ture kwanon. Ya wanke hannu ya koma shago, ya bi akwatin lungu-lungu, sai ga wani gefe da gam bai kama ba, iska na tsiyaya ta wurin. Ya toshe, ya kunna. Daga bayan bango ya ji ta ce, "Yauwa, ya warke."

Daga nan babu akwatin da ya bar shagon sai Turai ta yarda. Da harshen girki take hukunci. In sautin sama ya cika tsini, ta ce gishiri ya yi yawa. In ganga ta yi yamɓal-yamɓal ba ta tsaya ba, ta ce tuwon ya yi ruwa. Sabi'u ya ƙara auduga a ciki, ko ya rage bakin ramin iska, ko ya sake katako ɗungurungum, har sai ta ce ya nuna. Mutane suna cewa Sabi'u yana da kunne. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Akwai kunne a gidan."

Da kasuwa ta buɗe ya sayi injin yankan katako. Injin ya sauƙaƙa masa aiki, ya kuma ci masa kunne a hankali, yadda gara ke cin azara. Kukan kanari ya fara ɓacewa, sannan kiran waya, sannan sarewar da yake gwaji da ita. Ganga kam yana jin ta, a ƙirji ma. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Turai ta lura tun kafin shi ya yarda. Sai ta daina yi masa magana ta baya. Takan zagayo gabansa tukuna, kamar dama can haka take yi.

Wata kaka, bayan an kai masara gida, Alhaji Jibrin ya zo daga Doguwa. Babban ɗan kasuwar masara ne, ya gina sabon gida mai faffaɗan falo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce wani dillali daga Kano zai kawo masa dogayen sifiku irin masu tsayawa a ƙasa, iri biyu, ya zaɓi wanda yake so.

"Ni masara na sani, Malam Sabi'u. In ka ba ni ƙwaya na ciza, zan faɗa maka gonar da ta fito. Amma wannan sai ku. Ka zo ka saurara min."

Sai da ya maimaita da ƙarfi sannan Sabi'u ya gane. Ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, zan zo. Amma sai dai in taho da uwargida."

"Ai Hajiya ma za ta yi murna da baƙuwa."

"Ba ziyara ba, ranka ya daɗe. Aikin ne."

Alhaji ya dube shi, ya dubi bangon da hayaƙin girki ke tasowa ta bayansa, ya yi dariya ya ce zai aiko mota.

Turai ta ɗauko atamfarta ta sallah. Da suka shiga dajin Falgore ta manne da tagar mota tana nuna masa birai a gefen titi, kamar ba kaka mai jikoki ba. Suna isa Hajiya Maimuna, matar Alhaji, ta tarbe ta da fura mai sanyi, ta zaunar da ita a tsakiyar doguwar kujera.

Sifikun na tsaye, kowace ta kai ƙirjin mutum. Biyu baƙaƙe ne wul, suna sheƙi har kana ganin fuskarka. Biyu kuma ruwan ƙasa, ba ado. Dillalin, Hafizu, ya jona baƙaƙen da amfilifaya ya murɗa. Gilashin taga ya hau rawa. Alhaji ya washe baki.

Turai ta ɗaga hannu. "Ɗana, rage. Ba a ɗanɗana miya tana tafasa."

Hafizu ya rage. Sabi'u ya miƙa masa memorinsa na gwaji, mai busar wani makiyayi da kiɗan kalangu da karatun wani alaramma na garinsu. Sannan ya kama nasa aikin. Ya janyo sifikun daga jikin bango, ya karkato fuskokinsu wajen kujera, ya sa aka shimfiɗa kafet a kan tayil. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen baƙar yayin da kalangu ke tashi, ya ji katakon na karkarwa. Da aka koma kan ruwan ƙasar ya ɗora hannu, ya ji ta tsit kamar kututturen maɗaci. Ya juya yana kallon Turai.

Ita ta lumshe ido. Ta sa aka sake sarewa a kan baƙar, aka sake a kan ɗayar. Ta sa aka dawo da karatu. An daɗe ana yi, har Hajiya Maimuna ta leƙa tukunya ta dawo.

"Baƙar nan yajinta ya fi namanta yawa," in ji Turai. "Loma ta farko daɗi, amma in aka daɗe kai zai ɗauki ciwo. Wannan kuwa," ta nuna ruwan ƙasar, "alaramman yana nan zaune tsakaninsu. Ina jin numfashin da yake ja kafin ya shiga aya."

Hafizu ya ce, "Wallahi Mama haka ne. Ni ma ita nake kunnawa in ba kowa a shago."

Sabi'u ya tambayi me ta ce, ta juyo ta maimaita masa. Ya gyaɗa kai. "Hannuna ma haka ya ce."

Alhaji ya dubi baƙaƙen. Sannan ya roƙi a sake sa masa kalangu a baƙar, a ɗan ƙara. Aka ƙara. Kafaɗunsa suka fara motsi, ƙafarsa na buga kafet.

"Ku yi min afuwa," ya ce. "Na ji duk abin da kuka faɗa, kuma na yarda. Amma ni a kasuwa na girma. Wannan ce ta bugi ƙirjina."

Hajiya Maimuna ta ce dama baƙar ta fi dacewa da kujerun.

Sabi'u ya tsaya ya gyara wa baƙaƙen zama iyakar iyawarsa, Turai na cewa matsa nan, ja can, har tsinin ya ɗan kwanta. Aka cika musu bayan mota da sabuwar masara da dankali.

A hanya yana ta ƙunƙuni. "To me ya sa ya ɗauko mu tun daga Tudun Wada?"

Turai ta matso kusa da kunnensa. "Shi zai sha miyarsa, Malam. Ni dai na ji daɗin zuwa. Ka san ban taɓa zama a gaban sifika ba sai yau? Kullum ta bayan bango nake ji. Ashe haka abin yake daga gaba."

Ta faɗa ne kawai, ta koma kallon daji. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a rai har gida. Akwatunansa sun cika masallatai da gidajen biki, amma ɗakin matarsa 'yar ƙaramar rediyo ce a rataye jikin ƙusa.

Washegari ya ciro wasu allunan maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, ya ture aikin gadon wani gefe. Ya yi wa Turai akwatunan sifika dogaye, masu kauri, ya goge da hannu har suka yi santsi. Wannan karon ya ɗauko kujera ya ajiye mata a cikin shagon, ya rufe ƙofar waje. Ta sa ya buɗe su ya rufe har ya fara cewa ko Alhaji Jibrin ya fi ta sauƙi.

Shigar da su ɗaki ma sai da aka yi rigima, don wurin da ya zaɓa nan jeren kwanukanta yake, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za a taɓa mata kwano ba. Ƙarshe gadon aka matsar.

Yanzu da hantsi matan unguwa sukan taru a ɗakin Turai su ji tafsiri. In 'yarta Zulaihat ta turo saƙon murya daga gidan aurenta, nan ake sa shi, a ji har dariyar jaririnta. Malam Sabi'u yakan zo ya zauna a bakin ƙofa da samfefar goge katako a hannu, wai aiki yake. Rabin abin da ke fita ba ya isa kunnensa. Fuskar Turai yake kallo.

Ran nan wata maƙwabciya ta ce da ƙarfi don ya ji, "Malam, ni ma a yi min irinsu mana."

Ya ce, "Ki fara aiko min da mijinki ya koyi riƙon zarto."