Layi Uku na Baba Aƙilu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 1967, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Baba Aƙilu na Ibohamane. Ina Madawa wajen taron malamai. Sai ranar Asabar na sauka daga mota, na tarar har an yi sadakar uku.

Baba, shekara uku ke nan da aka turo ni garinku karantar da manya, ban san kowa ba. Aka kuma ɗora mini rubuta shafi guda duk wata, wanda ake bugawa a raba wa masu koyo. Shafi ɗaya tak, amma sai in yi kwana huɗu da kaye, littafin rubutuna, a cinya ina tauna biro. Kai da idonka ya tafi tun kafin zuwana, kai ka gane halin da nake ciki. Daga tabarmarka ta ƙofar gida ka ji ina yage takarda, ka kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ka ce, "Mushe, takardag ga mi tay yi maka?"

Da na faɗa maka, sai ka ba ni labarin zamanin da kake jan ruwa da bijimin sa a rijiyoyin kwari. Ba ka taɓa fara masa da cikakken guga ba. Sai ka kora shi ya bi hanyar igiya sau biyu babu kaya, jikinsa ya saki tukuna. Ka ce, "Hannu ma hakanan na. Kullum da sahe, kahin aikin gwamnati, rubuta mini layi ukku na abin da idonka yag gani. Ba a bugawa, ni ɗai za ni ji."

Raina maganar na yi, ba zan ɓoye ba. Ina ganin na yi lakwal, na yi karatun boko. Amma na gwada. Ranar farko na karanta maka, "Na ga akuya." Ka ce, "Wace akuya? Ta wa? Mi takai?" Na koma na duba, ashe jar akuyar Ɗanasabe ce mai karyayyen ƙaho, tana cin dangar liman. Ka yi dariya har da tari. Wata rana kalma guda za ka jefo mini, igiya, ko tulu, ka ce in bi ta har inda ta tsaya. Kafin in ankara layi uku sun zama goma, shafin wata kuwa ya daina ba ni tsoro.

Ga abin da ke cina. Da hannuna ya saki, sai na fara tsallake safiya, yau aiki, gobe sauri. Watan nan na ƙarshe ban zauna a tabarmarka ko sau ɗaya ba, sai gaisuwa daga tsaye. Da na je yi wa 'yarka Saude gaisuwa, ta ce kullum kana sa a juya maka tabarma ta fuskanci ƙofata. Ta ce, "Mushe, cewa yakai tun da kad daina zuwa bai san mi gari ka ciki ba." Na ɗauka ni kaɗai ake yi wa magani. Ban taɓa tunanin da layukan nan kake ganin garinku ba, kuma ba ka taɓa yi mini ƙorafi ba.

Kwana tara ban iya rubuta ko harafi ba, ga shafin wata yana jira. Ina kewarka, Baba, garin ya yi mini faɗi. Yau da safe na zauna a ƙofa na yi yadda ka koya mini. Na ga tabarma a naɗe jingine da bango. Na ga sandarka a rataye. Na ga jar akuya ta wuce. Na karanta da ƙarfi, na jira, ba wanda ya tambaye ni ta wa ce.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya buɗe idanunka a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Saude, da ƙanenka Alhusaini, da dukan mutanen Ibohamane; Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma, Baba, ka yafe mini safiyoyin nan da na bar ka cikin duhu.