Uwayen Baƙuwa

Jiya da hantsi wata motar kaya ta tsaya a ƙofar gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda, an lafta mata ɗanyen barsim, ciyawar dabbobi, za a kai wa masu tumaki. Ina zaune bakin taga ina tsintar shinkafa, iska ta kwaso ƙamshin ta shigo mini da shi har ɗaki. Sai na ajiye faifan. Na zauna a ƙasashe da dama, na shaƙi ciyawar bakin Nilu, na shaƙi ta filayen Faransa bayan ruwan sama, amma babu wadda take mayar da ni barga kamar barsim ɗin Jidda idan rana ta fara taɓa shi.

A barga na tashi, mai karatu, ni 'ya mace. Kakana na wajen uwa sayis ne, wato mai kula da dawaki, a bargar wani attajiri can kudu da gari, wajen Khumra. Yau ko'ina ɗakunan ajiyar kaya ne da garejin manyan motoci. A lokacin babu komai sai rairayi da ƙaya da gishirin teku da iska ke shafa wa mutum a leɓe. Kaka ya baro ƙasar Hausa da ƙafa yana saurayi, shi da matarsa, da niyyar hajji. Hanya ta ci shekaru. Matar ta rasu a Sudan ta bar masa 'ya ɗaya, ita ce mahaifiyata. Ita ma ba ta ga sunana ba. Mahaifina direba ne, ya sake aure a Madina, yana zuwa da salla da yadi a hannu. Saboda haka daga ni sai tsohon, sai dawakin wani.

Mutanen ƙasarmu na da wata kunya da Larabawa ba su gane ta ba. Namiji ba ya kiran sunan matarsa, ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ma nuna ya damu da shi a gaban mutane. Mahaifiyata ita ce ta farinsa, ita ce kuma autarsa. Kunya ta haɗu da mutuwa, bakin Kaka ya rufe gam. Sunanta na ji shi a bakin maƙwabta, amma ba su san komai game da ita ba bayan sunan, don ba ta daɗe a Jidda ba. Idan na tambaye shi, sai ya mayar da abin wasan jika da kaka.

"Amarya, kin cika tambaya. Haka za ki riƙa yi mini idan na biya sadaki?"

"Wa zai aure ka, kana warin dusa?"

Ya yi dariya, ya miƙo mini buroshi, magana ta mutu.

Ina 'yar ƙarama aka kawo goɗiyar. Ta jirgin ruwa ta zo daga Ingila, ja ce wur kamar garwashi, da farin zane daga goshi zuwa hanci, ƙafafu sirara, cinyoyi kamar an ɗaure duwatsu a cikin fata. Dawakin Larabawa da muka saba da su ƙanana ne, masu haƙuri da ƙishi, suna iya yini suna tafiya. Wannan ba ta san haƙuri ba. Zafi ya dame ta, ƙuda ya dame ta, ta ƙi barsim, ta ciji mai horarwa a kafaɗa. Sunanta na takarda bakin Kaka bai iya juya shi ba, sai ya sa mata Baƙuwa.

Baturen da ya rako ta ya kwana biyu a barga. Ta bakin wani tafinta ya ba Kaka labarin asalinta, uwa bayan uwa. Kaka bai riƙe suna ko ɗaya ba, halayensu ya riƙe, ya ƙulla su kirari. Kullum bayan sallar asuba sai ya kama kunnenta a hankali, ya sunkuyar da kai, ya fara:

"Baƙuwa 'yar Mai-farin-goshi, da ta tsere wa maza a ranar ruwa. Jikar Gajera, ba ta taɓa ci ba amma ta haifi masu ci. Tattaɓa-kunnen Mai-cizon-mahayi, da ta ƙetare teku ta kunyata Faransawa. Jinin Baƙa mai ido ɗaya, jinin Mai-gudu-da-ciki."

Haka yake bi da su har can baya, inda aka ce wasu ingarmun Larabawa aka kwasa daga wannan yanki aka kai ƙasar sanyi. "Kin gani, amarya," in ji shi, "gida ta dawo, gidan bai gane ta ba." Da kirarin ta fara cin abinci. Da shi aka fara ɗaura mata sirdi ba tare da ta yi harbi ba. Ni kuwa ina tsugune bayan buhunan sha'ir ina haddacewa, kamar yadda yaran wasu ke haddace tatsuniya a cinyar uwa.

Gudun gajeren zango shi ne nata. Kafin mutum ya kurɓe finjalin gahawa ya miƙa a ƙara masa, ta gama. Da sanyi ana tsere a nan ƙasa, da zafi a kwashe dawaki a hau da su Ɗa'if, inda iska ke da ƙamshin wardi, kuma can ta fi ƙwazo. Ta cinye 'yan'uwanta mata har aka daina haɗa ta da su, aka sa ta cikin ingarmu, ta cinye su su ma. Sau ɗaya maigidan ya yi kwaɗayin dogon zango. Ta fita kamar an harba ta, ta ba su rata mai yawa, sannan a rabin hanya numfashi ya ƙare, suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Kaka ya shiga wanke mata gumi. "Walƙiya suke so ta kwana a sama," ya ce da bokitin.

Duk wannan ban taɓa gani da idona ba. Ba a shiga da 'yan mata filin. A kan motar abincin dawaki ake bari na, bayan katanga, ni kaɗai. Ƙura nake hangowa, sai ihun maza ya taso kamar igiyar ruwa ya faɗi. Tafiyar Kaka ce ke gaya mini sakamako. In ya fito da sauri, an cinye mu. In ya fito a hankali, hula a hannu, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yi laifi, to Baƙuwa ta yi.

Wata rana aka yi suna a unguwar 'yan'uwanmu da suka zo daga Sudan, wata maƙwabciya ta tafi da ni. Ban saba da taron mata ba. Turaren wuta, lalle, 'yan yara kowace manne da zanen uwarta. Wata tsohuwa mai tsage a kumatu ta jawo ni ta dube ni.

"Ke kuma 'yar wace ce? Su wa ne uwayenki?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba, amma na san yadda ake amsa ta, kullum da asuba ina ji. Na miƙe tsaye, na gyara murya, na ce ni 'yar Mai-farin-goshi ce, jikar Gajera, tattaɓa-kunnen Mai-cizon-mahayi. Ban kai ga Baƙa mai ido ɗaya ba ɗakin ya fashe. Wata har da riƙe ciki tana cewa, "Wallahi jikar sayis ce! A kawo mata barsim!" Na tsaya ina kallonsu. Na san ni ba doki ba ce. Abin da na ɗauka shi ne, tunda gida ɗaya muke da Baƙuwa, uwayen na gidan ne gaba ɗaya.

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Washegari ta yafa mayafinta, ta hau motar ruwa har barga. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta ko zauna ba.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ka tara wa dabba uwaye har ba su ƙirguwa, ka bar jikarka ba ko ɗaya. Kunya ce? In ka mutu da su a ciki, kunyar wa ka ji?"

Kaka yana tankaɗe sha'ir. Bai ɗago ba. "Na ji, Hajiya," kawai ya ce.

Na jira a daren, na jira washegari. Bai faɗa ba. Abin da ya canza shi ne ya daina ce mini amarya, kuma da asuba ya koma yin kirarin ƙasa-ƙasa yadda ba zan ji ba. Wannan lokacin shi ne mafi tsawo a ƙuruciyata. Muna ci a akushi ɗaya, ba mai kallon wani. Na rasa uwayen aro, ban sami nawa ba.

A ƙarshen sanyin wannan shekarar jijiyar ƙafar Baƙuwa ta gaba ta kumbura bayan wani tsere da ta ci. Aka yi ta ɗaure ta da ruwan sanyi, ta sabe, amma kowa ya san gudu ya ƙare. Maigidan ya yanke shawarar kai ta ƙasar Ailan ta yi haihuwa, don a can ingarmun da suka dace da jininta suke. Ranar tafiya Kaka ya tashe ni, ya ce in sa takalmi. A tashar jirgin ruwa rana ta riga ta yi zafi, ga ƙarar ƙarafa, ga masu dako suna ta "yalla, yalla." An ajiye wani babban akwatin katako da za a sa ta a ciki a ɗaga. Ta toge, ta ƙi shiga, idanunta sun yi fari.

Kaka ya miƙo mini ragama. Bai taɓa ba ni ita a waje ba. Ya kama kunnen goɗiyar kamar kullum, sai dai bai rage murya ba.

"Baƙuwa, saurara. Yau ba naki zan faɗa ba, kin san naki. Wannan da ke riƙe da ke, 'yar Mai-dariya-da-hannu-a-baki ce, wadda ta koyi tafiya a kan hanyar hajji, ba ta taɓa kuka da yunwa ba don kada ubanta ya ji. Jikar Mai-daka-da-waƙa, wadda ta sayar da 'yan kunnenta ta saya wa mijinta takalmi, tana kwance gabas da farin kogin Nilu a gindin bagaruwa. Tattaɓa-kunnen Mai-kitson-bakin-kasuwa, mai faɗa, mai kyauta. Jinin Mai-rijiya, da ba ta hana baƙo ruwa. Daga nan ban sani ba, Baƙuwa. Hanya ta cinye sauran."

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya sake maimaitawa daga farko, a hankali, yadda ake yi wa mai hadda. Goɗiyar ta sauke kai, ta taka cikin akwatin da kanta. Muka tsaya muna kallo aka ɗaga ta sama, jan jikinta yana leƙowa ta tsakanin katako, har ta ɓace a cikin jirgin.

"Halas, shi ke nan," in ji Kaka. Ya share fuska da hula. "Mu je, amarya, rana na yi."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Daga baya na yi karatun ungozoma, na auri ɗan kasuwa, muka zauna Khartum, muka zauna Alƙahira da Marsai ta Faransa. Na kama jariran mutane da harsuna huɗu. Na lura Larabawan sahara ta uwa suke ƙirga asalin doki, Turawa sun fi ɗaga uba amma ba sa yar da uwa, kowace an adana ta. Mu kuwa launi muke kira, akawal ko kili ko danda, asalin ya bi iska. Sau ɗaya na je ƙasar Hausa, na nemi garin da Kaka ya fito. Na zauna da tsofaffi ina tambayar zuriyar wata mai kitso a bakin kasuwa. Suka karɓe ni hannu biyu, suka ba ni fura, suka ce, "Hajiya, wace kasuwa ce ba ta da mai kitso?" A can Balarabiya suke kirana. A nan kuwa har gobe 'yar Takari ce ni.

Da motar barsim ta tafi jiya, na kira jikata, 'yar 'yata, wadda aka haifa a nan. Tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa. Na gaya mata sunan goɗiyar na takarda. Ba ta daɗe tana latsa waya ba ta nuna mini: 'ya'yan Baƙuwa, jikokinta, har wata ja mai farin goshi da ke gudu yanzu haka a wata ƙasa mai nisa. Babu wadda ta ɓata a cikinsu.

Na ce mata ta zauna, ni ma ina da nawa. Na fara da ita, na sa uwarta, na sa kaina, na shiga Mai-dariya-da-hannu-a-baki.

"Sitti, yaani esh tattaɓa-kunne?" ta tambaya, wato kakata, mene ne tattaɓa-kunne, harshenta yana tuntuɓe. Kafin in amsa wayarta ta yi ƙara. Ta sumbaci goshina, ta ce, "Bukra, Sitti, wallahi bukra," wato gobe, ta fita.

Ban kira ta ba. Na juya wajen taga, inda ɗan ganyen barsim ya zube a kan titi, na ci gaba daga inda na tsaya, ban rage murya ba. Ina cikin Mai-daka-da-waƙa na ji takunta ya tsaya a bayan ƙofa. Ban waiwaya ba. Da na kai ƙarshe, na sake ɗaukowa daga farko, a hankali.