Farantin Kaka Tena

Gwaggo Ozella, yayar mahaifina, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana dafa wa yara abinci a makarantar garinmu, nan kudancin jihar Jojiya ta Amurka. Rabin mutanen garin sun ci burodin masararta, kuma har yau suna shakkarta. Ba ta haihu ba, ba ta tara abin duniya ba. Abin da take ji da shi ɗaya ne: wani ɗan farantin tangaran, irin wanda ake ɗora kofin shayi a kai, mai zanen shuɗin fure da zaren zinariya a baki. Yana zaune shi kaɗai cikin kabad ɗinta mai gilashi, ba kofi.

Duk danginmu sun san inda kofin ya tafi. Na Kaka Tena ne, kakar mahaifiyar Gwaggo, wadda aka haifa cikin bauta. Da ta rasu aka yi mata yadda mutanenmu ke yi: aka ɗauki kofin da ta sha ruwa da shi na ƙarshe, aka huda gindinsa don kada mutuwa ta biyo sauran 'yan gida, aka kifa shi a kan kabarinta. 'Yarta Lula ta riƙe farantin. Abin da ba wanda ya sani shi ne inda kabarin yake.

Shekarar da Gwaggo ta ajiye aiki likita ya gaya mata ciwon suga ya fara cin idonta. Ta dawo gida ta naɗe farantin cikin tawul, ta jefa a jaka, ta kira ni.

"Verlene, motar nan taki ta ado ce ko tana tafiya? Zan ga kabarin Tena da idanuna kafin su rufe."

Haka na zama direba. Ni ba mai haƙuri ba ce, na kuma sha gunaguni a hanya, amma ba a ce wa Gwaggo a'a. Muka je gidan adana tsofaffin takardu na jiha, ta zauna da gilashin ƙara girman rubutu, hancinta kamar zai taɓa takarda. Ƙidayar jama'a ta zamanin bauta ba ta rubuta sunayen mutanenmu ba, sai shekaru da launin fata, a ƙarƙashin sunan ubangida. Na ji raina ya ɓaci na ce mu tafi. Ta ce, "Zauna. Su sun jure abin, ke karantawa ce ta gagare ki?"

Muka bi maƙabartu ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa tana juya fasassun kwanuka. A ta cocinmu kuwa ba ko ɓallin tangaran, domin Baffa Lucius, ƙanenta, lokacin da ya zama dattijon coci ya sa an share wurin tas, an kwashe komai an zubar, wai a yi zamani. Duk ranar Lahadi sai ta tuna masa a kan tebur.

"Yaya, shara ce fa na kwashe," in ji shi.

"Sharar gidanku. In kofin Tena na ciki, Lucius, ko a lahira ka gan ni ka canja hanya."

Yana dariya, amma na lura ba ya ƙara abinci.

Da takardun iyali suka ƙi, sai ta koma karanta tarihin jihar kanta: yadda aka yi ta yanka gundumomi, inda auduga ta mutu, inda mutane suka watse zuwa arewacin Amurka. Ciwon idon ya yi nisa a lokacin, ni ke karanta mata tana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Ranar da na zo kan labarin babbar ambaliyar da ta kori ƙauyukan baƙar fata daga gabashin kogi, har da coci-cocinsu, sai ta daina taunawa.

"Jirgin fito," ta ce. "Mama takan ce a jirgin fito aka kai gawar Tena. Lucius ya ce rikicin tsufa ne, wa zai haye kogi alhali ga maƙabarta a bayan coci? Ashe cocin ce ta tashi ta bar matattunta."

Hayin kogin yanzu dajin katako ne. Muka nemi izinin mai dajin, muka tafi da hantsi mu uku, Baffa Lucius na sara hanya da adda yana mitar macizai, Gwaggo ta riƙe gwiwar hannuna. Mun yi ta yawo har na fara shirya kalaman da zan lallashe ta da su. Sai Baffa ya tsaya cak, ya cire hularsa.

Ƙasar ta lotsa wuri-wuri, a jere, dogaye da gajeru, duk sun fuskanci gabas. Ba dutse mai suna ko ɗaya. Amma da muka kau da busassun ganye, sai ga su. Kwalaben magani. Tulun ruwa mai hudajjen gindi. Fitilar ƙwai. Agogon tebur da tsatsa ta cinye. A kan wani ɗan gajeren kabari, kan 'yar tsana. Kowa da abinsa na ƙarshe, yana nan inda hannun mai kuka ya ajiye shi, sama da shekara ɗari. Ban taɓa jin kwarjinin wuri irin haka ba, ko a coci. Mantawar da aka yi da su ita ta tsare su daga tsintsiyar Baffa.

Baffa ne kuwa ya ga kofin, a gindin wata itaciya, a kife, rabinsa cikin ƙasa. Ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa ya tone shi da yatsu, ya goge da rigarsa, ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu.

Gwaggo ta kai kofin dab da fuskarta, ta juya shi, ta sake juyawa. Na gane ba ta ganin zanen. Mun makara.

"Verlene, furen wane launi ne?"

"Shuɗi, Gwaggo. Da zaren zinariya a baki."

"Kada ki faranta mini rai da ƙarya."

Ta kwance tawul ta fito da farantin. Ta shafa hudar gindin kofin da babban yatsa, sannan ta ɗora shi. Ya zauna cikin zoben farantin daidai, da 'yar ƙara siririya da muka ji mu duka. Ta girgiza shi kaɗan, bai motsa ba.

Baffa ya share ido ya ce, "Sai mu tafi da shi gida, Yaya, a haɗa su a kabad."

"Har yanzu ba ka yi hankali ba? Ba a ɗaukar na mamaci."

Muka taimaka mata ta durƙusa. Ta lallaɓa ƙasar da tafin hannu har ta daidaita, ta ajiye farantin, kofin na kansa. Sannan ta yi magana da muryar da take kiran yara cin abinci, sai dai a hankali.

"Kaka, ni ce Ozella, 'yar Pearlie, 'yar Lula, 'yarki. Ban gan ki ba, amma na taɓa. Ga farantinki na kawo, kin daɗe ba shi."

Ta ninke tawul ɗin ta sa a jaka, ta miƙo hannu tana laluben nawa.