Zartsi a Rijiyar Kaka

Ranar wata Talata ce, da hantsi, wajen ƙarshen sanyi. Mu huɗu ne a lambun: kakana na wajen uba, da baffana ƙanen mahaifina, da wani Bafulatani makiyayi, sai ni, yarinya 'yar shekara goma, riƙe da ludayi. Ba zan iya ba ku shekarar ba. Na dai san Faransa ce ke riƙe da ƙasar, kumandan kuma yana zaune a Mango. Ranar takan dawo mini duk lokacin da aka zarce da kanwa a wake, na ji ɗanɗanon nan mai santsi ya maƙale mini a ganda. Amma kafin in kai ku ga abin da ya faru, bari in faɗa muku yadda muka zo wurin.

Kaka ba manomi ba ne. Madugu ne, ɗan madugu. Da jakuna ya yi rayuwarsa, yana kai goro arewa, yana sauko da kanwa. Da jirgin ƙasa ya iso Blitta, motoci suka fara ɗaukar kaya daga can zuwa Sokode har su wuce, tafiyar da jaki ke yi a makonni sai ta koma ta kwanaki. Ya sayar da jakunan ɗaya bayan ɗaya. Shekara guda ya yi a zauren ƙanensa a Zangon Sokode. Ƙanen nan mahauci ne mai hali, bai taɓa yi masa gori ba, amma Kaka ya daina magana. Ina ƙarama sosai, amma ina tuna shi zaune yana fuskantar bango, akushi a gefensa ba a buɗe ba.

Wata rana ya miƙe ya ce zai tafi Dapaong, wadda a lokacin Dapango muke kiranta, ya yi lambun albasa kamar yadda ya ga ana yi a garuruwan da ya ratsa. Ya rantse ba zai sake zama a zauren wani ba, kuma ba zai hau motar da ta kashe masa sana'a ba. Da ƙafa muka tafi. Baffa da matarsa suka bi shi, ni kuma iyayena suka ba shi ni riƙo.

Mutanen Moba, masu ƙasar, suka yanka masa wuri a fadama bayan gari. Aka haƙa rijiya, aka kafa jigo. Baffa ke jan guga, ruwa ya bi magudana, Kaka na buɗe fangali ɗaya yana toshe ɗaya da ƙafarsa. Shekarar farko albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannun babba. Warin lawashi ya kama mana tufafi har sabulu ba ya fitar da shi. Kaka ya dawo da maganarsa, har da tsokana. Amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na son ango mai jan haƙori.

Da damina ta sauka, ruwa ya cika fadamar kamar yadda ya saba, ya kwana biyu, ya janye. Ya tafi da takin da Kaka ya tara, ya shafe fangalolin. Kaka ya tsaya ya dubi wurin, ya ce bai taɓa barin kayansa a fili ɓarawo ya ɗiba ba. Ya kewaye lambun da ganuwar ƙasa wadda ta kai ƙugun mutum, ya daddaɓe ta kamar katangar rumbu.

Maƙwabcinmu a fadamar wani tsoho ne ɗan Moba, mai noman dawa da ɗan taba. Hausarsa ta kasuwa ce. Ya zo ya dafa ganuwar.

"Madugu, wannan bango ba kyau. Ruwa ya zo, ya wanke ƙasa, ya tafi. Ka bar masa ƙofa."

"Ƙofar da zai fita da takina?"

"Taki ka samu wani. Ƙasan nan yana da gishiri a ciki, yana barci. Ka rufe shi, ya tashi."

Kaka ya yi dariya, ya ɓara goro ya ba shi rabi. Da tsohon ya tafi, ya ce mana shi ya yi shekara arba'in yana sayar da gishiri da kanwa, ba mai noman dawa ne zai koya masa inda suke kwana ba.

Akwai wata al'ada ta fatake da ya zo da ita. Idan ayari ya sauka a baƙuwar rijiya, madugu ne ke fara ɗanɗana ruwan kafin mutum ko dabba su sha. Kaka ya riƙe wannan a lambu. Sai dai harshensa ya riga ya mutu. Goro da garin taba mai kanwa sun cinye shi, kome ya sa a baki ɗanɗano ɗaya yake ji. Don haka aikin ya zama nawa. Kowace safiya, gugar farko, zai ɗebo a ludayi ya miƙo mini.

"Amarya, yaya ruwan angonki?"

"Da daɗi, tsoho."

Shekara biyu bayan ganuwar, gaskiya nake faɗa. Albasa ta yi, masu saye suna zuwa har daga Mandouri. A shekara ta uku ne, tun farkon rani, na kurɓa na ji wani abu a bayan harshena. Ba gishirin miya ba ne. Zartsi ne, ɗan kaɗan, mai barin baki da santsi. Na ɗaga kai na gan shi yana jira, haƙoransa a waje. Na tuna bangon zauren Sokode. Na ce da daɗi.

Yanzu na san abin da ke faruwa. Ruwan da muke zubawa rana ke shanye shi, ya bar gishirinsa a sama. Ruwan damina da ya sauka cikin ganuwa ba shi da mafita, sai ya narkar da gishirin ya koma da shi rijiya, mu kuma mu sake jawo shi. A lokacin abin da na sani kawai shi ne idan ruwan ya ɓaci, Kaka zai koma wancan zaman.

Baffa ya gane. Shi ke cikin ruwan yini guda, ƙafafunsa sun tsattsage. Bakin fangaloli ya fara yin fari-fari da rana, kan lawashi yana ƙonewa. Wata safiya ya ajiye guga.

"Baba, ruwan nan ya juya. A fasa ganuwar nan bana, a bar wurin ya huta."

"Ka gaji da jigo ne, ka ce ka gaji. Sokode kake so, inda ake zama a ci naman wani."

"Wallahi ba haka ba ne, Baba. Ka duba ƙasar."

"Yaro ba shi da riba a ƙarya. Amarya, zo ki raba mu."

Na kurɓa. Baffa yana kallona, bai yi mini ko alama ba. Na ce da daɗi. Ya ɗauki gugarsa ya ci gaba da ja, kuma har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da maganar ba. Wannan daminar ta zo ta wuce, ganuwa na tsaye.

Da rani ya zagayo, dashen farko ya mutu. Kaka ya ce ƙishi ne, ya sa a ninka ban ruwa, safe da yamma. Na biyu ma ya ƙi kamawa. Abin da ya rage shi ne fangali shida na albasar iri, wadda ya ɗauko tushenta daga shekarar farko. Su ma sun yi rawaya, ba su wuce tsawon yatsa ba. Kowace safiya ina shan ruwan da ko akuya sai ta yi shawara, ina cewa da daɗi. Ƙarya idan ta shekara, fita daga cikinta ya fi shigarta wuya.

To, ranar Talatar nan, shanun Bafulatanin suka tsallako ganuwa ta inda ta zaizaye. Baffa ya ruga da sanda don ya kare albasar, sai ya tsaya. Shanun ba su ko dubi ganyen ba. Kawunansu a ƙasa, suna lasar fangali, suna turereniya a kan farin nan. Ba a jin kome sai ƙarar harsunansu a kan busasshiyar ƙasa. Makiyayin ya iso yana haki, yana ba da haƙuri. Sai ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar a yatsa ya lasa, fuskarsa ta washe.

"Madugu, ashe arziki gare ka. Kwana uku nake tafiya neman irin wannan. Ka bar su su riƙa lasa, in riƙa kawo maka nono."

Yabo yake yi, har zuciyarsa. Kaka ya san me ake nufi idan saniya ta bar ɗanyen ganye ta kama ƙasa, shi da ya yi rayuwarsa yana sayar wa makiyaya kanwa. Ya taka zuwa rijiya, ya ja guga da kansa, ya cika ludayin da ke hannuna. Bai kira ni amarya ba.

"Sha."

Na sha.

"Faɗa mini."

"Zartsi ne, Kaka."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Tun farkon rani."

Na ɗauka zai mare ni, kuma da na fi son haka. Ya karɓi ludayin, ya zubar da sauran ruwan, ya rataye shi a jikin jigo. Ya juya ga Baffa ya ce, "Na zalunce ka." Sannan ya ɗauki fartanya ya nufi ganuwar.

Yana cikin sara tsohon nan ɗan Moba ya zo ya tsaya. Kaka ya tambaye shi, ba tare da ya ɗago ba, damina nawa wurin zai sha kafin ya dawo.

"Da bara ka fasa, biyu. Yanzu rijiya ma ya sha. Ni ba zan gani ba. Kai ma."

Ina tsaye na ji. Ban taɓa samun wanda zai ce mini lissafin tsohon nan kuskure ne ba.

A 'yan shekarun nan nakan ji masu lambu suna kukan ƙasa ta yi fari, albasa ta ƙi. Yanzu inji ke jan ruwan, abin da jigo ya yi a shekara huɗu sai ya yi shi a ɗaya. Nakan tambaye su ko ruwa yana da hanyar fita daga gonar, da kuma wa ke ɗanɗana musu shi. Yawanci tambaya ta biyu dariya take ba su.

Kaka ya gama fasa ganuwar cikin kwana uku. Albasar irin ta bushe kafin ta yi fure. Ƙafafunsa suka kumbura, bai iya tafiyar ƙasa ba, don haka a bayan mota, a kan buhunan gyaɗa, aka mayar da shi Sokode, ni ma na koma wajen iyayena. Aka shimfiɗa masa buzunsa a zauren ƙanensa, a inda yake da. Yakan amsa gaisuwata, ya sa mini albarka, amma bai sake miƙo mini wani abu in ɗanɗana ba. Ya rasu kafin damina ta biyu. Da na koma Dapaong bayan na yi aure, na je fadamar. Dawar jikokin tsohon nan ɗan Moba ta kewaye wurin ta ko'ina, tsakiyar kuma fili ne fari, ba ciyawa, da sawun shanu.